Jitar da Aka Ɓoye a Buhun Dusa

Tudun Marke, ta Malumfashi
16 ga Satumba, 2021

Zainu,

Kai duk yawonka a Funtuwa ka taɓa ganin inda aka aiko wa mutum wuyan jita a cikin buhun dusa? Tsakaninka da Allah, ka taɓa gani? Ko ni ka ɗauka tunkiya?

To, assalamu alaikum. Inna na tsaye a kaina, ta ce ba a aika takarda gidan Gwaggo Ummukulsum babu sallama. Tana gaishe ku, tana tambayar ƙafar Gwaggo, ko kumburin ya sauka. Mu lafiya lau. Masara ta bushe a kara, waken suya ya fara ja.

Maiwada direba ya sauke mini buhun jiya da hantsi, ya ce saƙo ne daga taubashina. Na tura hannu har gwiwa kafin na taɓa katako. Wuni na yi da gashin kaza ina share dusa daga tsakanin ƙarafan nan da aka jera a jikinsa. Amma wuyan ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka ce wa Uche mai shagon kayan sauti ya iya zaɓe.

Gangar jikin na gama fafe ta da katakon maɗaci. Kwana goma sha ɗaya ina kanta, tafin hannuna duk ya yi kanta. Shekara biyu ina jin kiɗan mutanen Agadas a memori ina cewa wata rana da hannuna zan haɗa irin tasu, ka ce ka ji, kai za ka riƙa sayo kayan ɗaya bayan ɗaya a wurin Uche. Yanzu ga inda na maƙale. Tun da aka katse sabis ba kira ba bidiyo, wanda na ajiye a waya kuma ya yanke daidai inda mutumin zai yi awo. Ina son tsawon da ke tsakanin kan wuya da ƙarfen da tsirkiya ke hawa a ƙasa, wanda masu garaya ke kira jaki. Ka je shagon ka auno mini a jikin wadda aka rataye. In na huda katakon nan ba daidai ba, ba ni da wani.

Kuma ka faɗa mini dalilin ɓoye-ɓoyen nan. Sata muka yi?

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Aji uku na yi, sauran a jikin buhun taki da kwalbar maganin feshi na koya.

Ubangidanka,
Awaisu


Funtuwa
21 ga Satumba

Awaisu,

Wa alaikumus salam. Umma ta amsa, ƙafa da sauƙi, ta fara takawa zuwa maƙwabta. Ka gaishe da Inna.

Ubangidan wa? Kakanka da kakana wa da ƙane ne, nawa ne babba, ka riƙa tunawa. Dusar ma kyauta ce na ba tumakin Inna, ba godiya sai baƙar magana.

Na je na auno. Daga kan wuya zuwa jaki taƙi uku ne cif. Sauran kayan suna tafe: maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya guda biyu, da maɓallan ƙara murya, da wayoyinsu. Za ka same su a gwangwanin madara cikin garin rogo. Ramin da ake soka wayar lasifika bai iso daga Legas ba tukuna.

Batun ɓoyewa, ka saurare ni da kyau. An sa ranata da Asma'u, ɗiyar Malam Abubakar Sadiq, ƙarshen watan gobe. Ka san shi, shi ke karantarwa a masallacin unguwarmu, ni kuma ni nake gyara musu lasifika. Da aka zo binciken asalina, abin da ya fara tambaya shi ne ko a danginmu akwai maroƙi ko makaɗi. Aka ce babu, manoma ne gaba da baya. Yanzu a ji ni ina aika kayan kiɗa ƙauye? Maganar ta mutu ke nan. Uche ma na ja masa kunne.

Don haka duk wanda ya tambaye ka, ka ce kayan gyaran rediyo ne. Kada sunana ya fito. Takardun nan in ka karanta ka sa su a murhu. Ka yi mini wannan alkawarin.

Naka,
Zainulabidin


Tudun Marke
29 ga Satumba

Zainu,

Sallama da gaisuwa. Inna na fama da mura, ban da haka ƙalau.

Taƙi uku! Taƙin wa? Kai da hannunka kamar faranti, ni da nawa kamar na ɗan tsako, ka rubuto mini taƙi uku cif, har da cif. Ni ma da wautata na auna da nawa, na huda, na ɗaure jaki, na ja tsirkiya. A sake sautin daidai yake. Da na danna tsakiyar wuya sai ta yi kukan akuyar da aka taka wa wutsiya. Kwana biyu ina zagin Uche, ashe kai ne. Sai da na je wurin tela na aro tef ɗinsa, na auna daga kan wuya zuwa ƙarfe na goma sha biyu, na ninka, kamar yadda na tuna mutumin bidiyon ya fara faɗa. Yatsu huɗu na matsar da jakin baya. Tsofaffin ramukan na cike su da garin katako da gam, suna nan kamar zanen ƙyanda. Mai gyaran lasifika guda ba ya da abin awo a shago!

Bar wannan. Ga wadda ta fi ta.

Ka san yanzu 'yan sa-kai sun sa shinge a mashigar garinmu, kowane buhu sai an soka masa ƙarfe. Suka soka garin rogonka, ƙarfe ya ce ƙwal. Aka aiko a kira ni daga gona. Na tarar an zazzage gwangwanin a kan tabarma, Maiwada na tsaye yana ta rantsuwa shi ɗaukowa kawai ya yi.

Shugabansu ya ɗaga maganaɗisun, makullin babur ɗinsa ya manne a jiki. Ya ce, "Awaisu, mene ne wannan?"

Wallahi jita ce ta zo bakina. Sai na tuna Asma'unka. Na ce, "Kayan gyaran rediyo ne, Yallaɓai."

Ya ce, "Yaushe ka zama mai gyaran rediyo?"

Na ce, "Koyo nake."

"A cikin garin rogo ake koyon?"

Na ce ai don kada su fashe a hanya. Wani a cikinsu ya ce, "Wa ya aiko?" Na ce wani ɗan kasuwa ne a Funtuwa, ban riƙe sunansa ba. Maiwada ya kalle ni, na kalle shi, ya kau da kai. Suka ba ni kayan. Amma ina juyawa na ga shugaban ya fito da ɗan littafi yana rubutu.

Takardarka na ƙone ta yadda ka ce. Alkawari na ɗauka, ban so ba. Ni dai raina bai kwanta da rubutun nan ba.

Awaisu


Funtuwa
4 ga Oktoba

Awaisu,

Salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ka dafa mata citta da kanumfari.

Na yi dariyar taƙin har Umma ta leƙo. Na karɓi laifi.

Maganar shinge kada ta dame ka. Rubutu aikinsu ne, kowa rubuta shi suke. Ka yi daidai da ka ce rediyo. Ka tsaya a kan haka, kada ka canja. Sauran kayan zan riƙe su sai bayan biki, abubuwa sun lafa.

Ɗinkin nan ya sa ni gaba, tela ya ɓata mini wuyan riga. Ka shirya zuwa, ranar Asabar talatin ga wata ne.

Zainulabidin


Tudun Marke
24 ga Oktoba, Lahadi

Zainu,

Assalamu alaikum. Ba lafiya ba. Ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, kada ka ajiye ta ka ce sai an jima.

Ranar Alhamis mutanen daji sun shiga ƙauyen da ke gabas da mu da rana tsaka, ana tsakiyar yankan waken suya. Sun kore shanu, sun tafi da mutum huɗu, ciki har da mace mai goyo. Ranar kuwa 'yan sa-kai duk sun tafi yamma rakiyar masu kai hatsi Malumfashi. Kafin la'asar magana ɗaya ce a bakin kowa: wani ne ya faɗa musu. To da me ya faɗa, tunda babu sabis? Sai aka buɗe littafin nan. Wa ke haɗa rediyo a garin nan a ɓoye?

Jiya bayan azahar 'yan sa-kai suka zo, su tara. Suka tura ƙofar ɗakina, Inna na riƙe da rigar ɗaya tana cewa ni ɗanta ne, maraya ne. Jitar na kan gado, na riga na liƙa wayoyin da dalma, bayanta a buɗe, jar waya da baƙa suna reto don ramin lasifikar da ka riƙe. Suka ɗauke ta kamar za ta fashe. Ni kuma aka tasa ni gaba har ƙofar Mai unguwa Bature, gari duk ya biyo mu.

Na ce jita ce, abin kiɗa. Shugaban ya buɗe littafinsa ya karanta wa jama'a: ashirin da bakwai ga Satumba, Awaisu ya ce rediyo. Ya ce, "Ran nan rediyo, yau jita. Gobe me za ta zama?"

Mai unguwa ya ce a ba ni in kaɗa. Zainu, na ɗauka na kaɗa. Karo na farko ke nan da wani ya ji ta ban da ni, kuma ta yi daidai, ko'ina na danna daidai. Amma ka san ba lasifika muryarta kamar sauro. Wani tsoho ya matso da kunnensa ya ce, "Ai kuwa kiɗa ne."

Shugaban ya ce, "Madalla, Baba. Kiɗa ya fita ba a haɗa wayar da komai ba. To wayar ta mece ce? Maganaɗisun na mene ne?"

Na ce su ne ke kai sautin cikin lasifika ya yi ƙara. Na ce a kawo kowace rediyo a garin nan in murɗa wayoyin a jiki, yanzu kowa ya ji. Sai wuri ya kaure. Wani ya ce, "Ka haɗa su ji mu daga daji?" Wani ya ce a kai ni bayan gari a tambaye ni da kyau. Ka san abin da ake nufi da haka. Mutum biyu aka kai bayan gari daga yankin nan bana, ba wanda ya dawo ya ba da labari.

Mai unguwa ne ya miƙe ya ce shi ya yi wa babana wankan gawa da hannunsa, ba za a taɓa ni a ƙofarsa ba. Ya ce, "Awaisu, kayan nan ba daga sama suka faɗo ba. Wanda ya saya ya aiko, ya zo nan ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi ko shi wane ne, da inda ya saye su, da abin da ake yi da su. In mutumin kirki ne za mu gane." Shugaban ya yarda, ya ce in Juma'a ta wuce ba kowa, to Mai unguwa ya cire hannunsa.

An tambaye ni sunan har sau uku. Na ce zan aika masa ya zo da ƙafarsa. Ban faɗa ba, Zainu. Ko takarda ɗaya ba ni da ita da zan nuna, duk na sa a murhu don kai.

Mai unguwa ya san Gwaggo tun tana yarinya. Rabin 'yan sa-kan nan sun san shagonka a bakin tasha. Kai kana buɗe baki magana ta ƙare. Juma'a ashirin da tara ga wata. Motar Maiwada na tashi daga Funtuwa da sassafe.

Don Allah.

Awaisu


Funtuwa
26 ga Oktoba

Ɗan'uwana Awaisu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta sau uku. Ban faɗa wa Umma ba saboda hawan jininta. Allah ya kuɓutar da waɗanda aka ɗauka.

Ban zauna ba. Na haɗa ƙaramar lasifika mai batir da ramin wayar, na kai tasha, direba huɗu suka ƙi ɗauka, har Maiwada. Na je wurin Uche ko zai rubuta shaidar cewa a shagonsa aka saya, ya ce shi baƙo ne a garin nan, yana da yara, kada in sa sunansa a maganar daji. Ban ga laifinsa ba.

Ka duba halin da nake ciki. Ranar Juma'ar nan baƙi ke sauka, Malam da kansa ya ce in zauna kusa da shi a masallaci ya nuna ni ga 'yan'uwansa na Zariya. In aka neme ni aka ce na tafi ƙauye amsa maganar kayan kiɗa da maganar infoma, ka san ko ɗaya daga ciki ta isa. Shekara uku ina neman yarinyar nan.

Ka roƙi Mai unguwa ya ƙara kwana biyu. Ana ɗaurawa ranar Asabar, Lahadi da safe ina garinku, na rantse. Bayan an shafa fatiha ba mai kwancewa. Mutanen nan sun san ka tun kana tsumma, barazana ce kawai, ba za su yi maka komai ba. Kai ma ka rage zafin baki a gabansu, na san ka.

Ka ƙone wannan ma.

Zainulabidin


Tudun Marke
28 ga Oktoba, Alhamis da safe

Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Ka tambayi lafiyar Inna? Ba ka tambaya ba, amma ga ta: tun Asabar ruwa kawai ke shiga cikinta. Matan da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli a wurinta sun daina. Jiya ta je rijiya, duk suka janye gugansu suka ba ta wuri, ba wadda ta ce mata sannu.

Na roƙi kwana biyun. Na durƙusa a gaban Mai unguwa, ni da ka ce in rage zafin baki, goshina har ƙasa. Ya aika aka kira shugaban. Ka san abin da ya ce? Ya ce cikin mutum huɗun da aka ɗauka, mai goyon ƙanwar matarsa ce. Ya ce shi ma kwana biyu yake roƙo a wurin Allah, bai san ko tana da rai ba. Ya ce Juma'a Juma'a ce. Ka zo ka gaya masa barazana ce kawai.

Sun san ni tun ina tsumma, haka ne. Wanda ya fara cewa a kai ni bayan gari, tare muka yi kiwon awaki. Yanzu mutum biyu ke zaune a ƙofar gidanmu da bindigar toka, ko masallaci tare muke zuwa. Waken suyana na zuba a gona.

Na yi ta juya maganarka. Kai kana tsoron a ce a danginku akwai makaɗi. To akwai. Ni ne. Na haɗa jita da hannuna, ta yi sauti daidai, ba na jin kunyarta. Da ranar farko na faɗi haka a shinge, da dariya za su yi mini, su ce ɗan marigayi ya lalace, in wuce. Ƙaryar da ta kawo ni nan ba tawa ba ce. A bakina ka sa ta, na haɗiye don ina ganin girman Gwaggo, don kuma kai kaɗai ne a dangi ba ka ce na haukace ba da na ce zan yi abin nan. Ban manta da wannan ba. Shi ya sa na kai yau ban kira sunanka a gaban jama'a ba.

Amma ka auna da kanka, kuma wannan karon kada ka auna da taƙi. In ka zo, wataƙila Malam ya fasa, wataƙila kuma ya ga mutumin da ya bar baƙinsa ya je ceton ɗan'uwansa. Ban sani ba, ban san shi ba. In ba ka zo ba, ni na san abin da zai faru, kai ma ka sani. Lahadin da kake cewa, gaisuwa za ka zo yi wa Inna.

Takardarka ta ƙarshe ban ƙone ta ba. Tana hannun Mai unguwa tun jiya da yamma. Ya karanta, ya ce takarda ba ta amsa tambaya, kowa na iya rubuta ta, mutum suke so. Amma yanzu ya san ko kai wane ne. Ya daɗe yana kallon sunan, ya ce, "Ɗan Ummukulsum?" Na karya alkawari, na sani. Ka riƙe ni da shi duk tsawon ranka, in dai ina nan da za ka riƙe.

Wannan kuma ban liƙe ta ba. A bayanta na rubuta Zainulabidin mai gyaran lasifika, bakin tasha, Funtuwa, da manyan baƙaƙe. Na ce wa Maiwada duk shingen da aka tsayar da shi ya miƙa a karanta. In ya iso bai same ka a shago ba, ya kai wa Gwaggo. In ba ta nan, ya san masallacin unguwarku.

Gobe in an sallame Juma'a za a shimfiɗa tabarma a ƙofar Mai unguwa Bature, a ajiye jitar a tsakiya, a zaunar da ni kusa da ita. Ba na son lasifika, ba na son wata takarda. Ka zo ka tsaya inda kowa zai gan ka, ka ɗaga murya ka amsa: wa ya sayi kayan nan, wa ya cusa su a dusa da garin rogo, wa ya ce in ce rediyo ne? Ka amsa a gaban mutanen Tudun Marke, Zainu, da bakinka, ina zaune ina ji.

Awaisu